SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO, MAWALLAFI MAI AMSA TAMBAYA

Kome kyaun littafi ba shi da ƙafa, sai an kai shi inda za a karanta shi. Shi ya sa a zamanin nan in mutum ya wallafa littafi akan ji shi a gidan rediyo, ko kuwa a ga 'yan jarida sun zaunar da shi suna yi masa tambayoyi, don jama'a su sami labarin littafin su nema. Waɗansu marubuta sukan yi murna da wannan, waɗansu kuwa sukan koma gida suna kukan an juya musu magana. To, wannan al'amari ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Cikin 1824 wani babban mawallafi ya zauna a birnin Sakkwato da wani baƙo daga Ingila, suka yi ta hira har wajen mako bakwai, kuma shekara biyu bayan haka sai ga wani yanki na littafinsa ana karantawa a Landan. Wannan mawallafi kuwa shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Allah ya jiƙansa. Kowane ɗan makaranta ya san shi wajen sarauta da yaƙi. Mu kuwa yau muna so mu duba shi wajen alƙalami, mu ga yadda tambaya ta haifi littattafansa, da yadda hira ta yaɗa su, da kuma abin da hirar ta jawo masa.

Tasowarsa

An haifi Muhammadu Bello cikin 1781. Ubansa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a Degel, cikin ƙasar Gobir, a gidan da ba a rabuwa da allo da tawada. Ya yi karatu wurin ubansa, da wurin baffansa Malam Abdullahi, wanda ya horar da shi a kan nahawu da sauran fannonin Larabci, da kuma wurin wansa Muhammadu Sa'adu. A irin wannan makaranta malami yakan karanta, almajiri ya biya, inda ya shige masa duhu ya tambaya. Baƙi kuma ba su yankewa, kowa da matsalar da ya ɗauko daga garinsu. Watau tun yana yaro Bello ya saba da ganin ilmi na fitowa ta hanyar tambaya da amsa.

Yana da shekara ashirin da uku Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, cikin watan Fabrairu na 1804. Cikin Yuni na shekaran nan aka yi yaƙin Tabkin Kwatto, bayansa aka sha wuya a Tsuntsuwa da Alwasa, inda malamai da mahaddata masu yawa suka rasu. Bello na cikin manyan masu riƙon tuta, kuma shi ya ja rundunar da ta ci Alƙalawa cikin 1808. Cikin 1809 ya kafa birnin Sakkwato. Da Shehu ya raba aikin mulki cikin 1812, sai ya danƙa wa Bello ƙasashen gabas, Malam Abdullahi kuwa ƙasashen yamma. Shehu ya rasu a Sakkwato cikin Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a, ya riƙe sarautar Musulmi shekara ashirin.

Ba za mu tsaya kan yaƙe-yaƙensa ba, don littattafan makaranta sun kawo su. Abin lura shi ne, duk cikin wannan ɗawainiya bai ajiye alƙalami ba. Littattafai da wasiƙun da aka sani nasa ne sun haura ɗari.

Littattafan Da Tambaya Ta Haifa

In mutum ya duba sunayen littattafan Bello, zai ga da yawa daga cikinsu amsa ce ga wani mai tambaya. Sarkin Katsina Ummarun Dallaje ya nemi a bayyana masa yadda ake riƙon jama'a, sai Bello ya rubuta masa Usulus Siyasa. A ciki ya kafa ginshiƙai bakwai na mulki, ya kuma nuna wajibi ne shugaba ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Ma'aikacin hukuma na kowane zamani zai ƙaru da wannan ɗan littafi. Sarkin Bauci Yakubu ya aiko da tambayoyinsa, aka amsa masa a littafi mai ɗauke da sunansa. Muhammadu Jelani, wani shugaba cikin Abzinawan Adar, shi ma ya tambaya, Bello ya ba shi jawabi a kan zaunar da makiyaya wuri ɗaya don su sami masallaci da makaranta. Har wajen magani ya yi rubutu, akwai nasa a kan ciwon ido, da na basir, da na amfanin filasko, domin masu ciwo ma masu tambaya ne.

Babban littafinsa shi ne Infaƙul Maisuri, tarihin ƙasashen Tukururu, wanda ya gama cikin 1812. Ya fara da bayanin ƙasashe, daga wajen Barno da Bagarmi har zuwa Asbin da ƙasar Hausa da Sanwai, ya kawo labarin malamansu, sa'an nan ya shiga rayuwar Shehu da yadda jihadi ya gudana. Kafin ya rubuta sai da shi kansa ya zama mai tambaya. Ya tambayi fatake da alhazai da almajirai, wani wuri ma yakan ambaci wanda ya gaya masa labarin, kamar yadda ya jingina wani bayani a kan asalin sarakunan Hausa ga Muhammadu Baƙiri, Sarkin Asbin.

Akwai wani abu cikin littafin nan da ya kamata a tsaya a kansa. Shehu Laminu na Barno, watau Muhammadul Amin Alkanemi, ya rubuto wasiƙu masu zafi yana tambayar hujjar da ta sa ake yaƙar mutanen Barno alhali kuwa suna salla suna azumi. Ba tambaya ce mai daɗin ji ba. Duk da haka Bello ya ɗauki maganar abokin gardamarsa ya sa cikin littafinsa, ya biyo ta da amsa, don mai karatu ya ga ɓangare biyu. Yau da za a iya sanin hujjojin Barno a wannan gardama, yawanci albarkacin Bello ne. Mutumin da ya yi haka ba zai ji tsoron zama gaban baƙo mai tambaya ba.

Sai mu tuna a lokacin ba injin ɗab'i a ƙasar nan. Takarda daga Turai take fitowa, ta bi ta Tarabulus ko Masar, ta ƙetaro hamada bisa raƙuma, saboda haka tana da tsada. In malami ya gama littafi, sai ya karanta shi a majalisa, almajirai su saurara su yi tambaya, masu kyaun hannu su juya, wani ya sa nasa a gafaka ya tafi da shi Kano ko Zazzau ko Adamawa. Zaman mawallafi da jama'a shi ne tallar littafi. Wanda ya kulle ƙofarsa, littafinsa ya tsaya a ɗakinsa gara ta ci.

Zuwan Baƙo

Cikin 1822 Gwamnatin Ingila ta aiko da Turawa uku ta hanyar Tarabulus, su ne Manjo Danham, da Likita Udni, da Kyaftin Kilafaton, sojan ruwa, wanda ya ɗauki sunan Abdullahi a tafiyarsa. Babban abin da suke nema shi ne su san inda kogin Kwara ya ƙare. Suka iso Kukawa cikin 1823. Danham ya tsaya Barno, sauran biyun suka nufo ƙasar Hausa, likitan ya rasu kusa da Katagum cikin Janairu na 1824. Kilafaton ya wuce Kano, daga nan ya iso Sakkwato tsakiyar watan Maris, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, ya sauke shi.

Baƙon ya zo da niyyar shi zai yi tambaya, amma da suka zauna sai ya tarar shi ake tambaya. Bisa ga abin da ya rubuta, Sarkin Musulmi ya tambaye shi ƙungiyoyin Nasara, har ya ambaci sunayen waɗansu na dā can, ya nemi ya san wacce Ingilishi ke bi. Tambayoyin suka yi zurfi har sojan ruwan nan ya amsa cewa iliminsa na addini bai kai nan ba. Aka kawo kayan awonsa, da madubin hangen nesa, da kamfas, da na'urar auna tsayin rana, sai ya ga Sarkin Musulmi ya san burujai da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Ya tambayi labarin yaƙin Turkawa da Girkawa, wanda ake cikinsa a lokacin. Ya ta da zancen ruwan wuta da jiragen Ingila suka yi wa birnin Aljaza'ir cikin 1816, da yadda Ingilishi suka mallake Indiya. Ya sa aka karanta masa jaridun Ingila, ya kuma yi sha'awar jin ana buga dubbansu kowace safiya. Har wa yau ya fito da waɗansu littattafai na Danham, waɗanda suka faɗa hannun mutanensa sa'ad da wata runduna daga Barno ta kai hari wajen Mandara aka kore ta, ya tambayi abin da kowanne ya ƙunsa, sa'an nan ya mayar da su.

Shi kuma baƙon ya yi ta tambaya a kan Kwara, da hanyoyin fatake, da abin da ya sami Mungo Park a Busa. Bello ya amsa, wani lokaci har yana zana kogin a ƙasa. Amma ya san magana iska ce. Saboda haka kafin baƙon ya tashi, farkon watan Mayu, sai da ya tafi da abu uku a rubuce: wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila Joji na Huɗu, da taswirar ƙasashe wadda aka zana a Sakkwato, da kuma wani yanki da aka juyo daga farkon Infaƙul Maisuri, inda bayanin ƙasashe yake.

Cikin 1826 aka buga labarin tafiyar a Landan. A ƙarshen littafin aka sa taswirar, da yankin Infaƙu wanda wani tafinta mai suna Salame, ɗan asalin Iskandariya, ya fassara da Turanci. Ba a daɗe ba aka juya littafin da Faransanci da Jamusanci. Ta haka masanan Turai suka ga cewa a tsakiyar ƙasar Sudan akwai sarki mai rubuta tarihin ƙasarsa da hannunsa. Mai binciken labarin ƙasa Cooley ya yi aiki da shi cikin 1841. Likita Barth, wanda aka sani nan da suna Abdulkarimu, ya zo Wurno da Sakkwato cikin 1853 ya riga ya san da littafin, ya kuma ambace shi cikin nasa. Har Samuel Johnson, mai tarihin Yarabawa da aka buga cikin 1921, daga wannan fassara ya ɗauko abin da Bello ya faɗa a kan asalin Yarabawa. Dubi nisan da hirar mako bakwai ta kai littafi.

Inda Hira Ta Yi Tsami

Amma duk wanda ya ba da hira ya ba da aron bakinsa, ba shi da iko a kan yadda za a fahimce shi. Cikin wasiƙar nan Bello ya yarda zai hana fatakensa kai bayi bakin teku, ya nemi a aiko masa da wakili, aka kuma ambaci wani wuri, Raka, inda manzanninsa za su sadu da na Ingila. Turawa suka ɗauka Raka tashar jirgin ruwa ce a bakin teku ƙarƙashin ikon Sakkwato, alhali kuwa gari ne can cikin ƙasa, kusa da Kwara. Taswirar ma ba ta raba gardamar masana ba, kowa ya karanta ta yadda ta dace da ra'ayinsa. Sai cikin 1830 Landa da ƙanensa suka bi kogin cikin kwalekwale har teku, aka huta.

Da Kilafaton ya komo, ƙarshen 1825, ya nemi manzannin Sarkin Musulmi a bakin teku bai ga kowa ba. Ya sauka Badagiri, ya ratsa ƙasar Yarabawa da Busa da Nufe da Kano, ya sami Bello a sansanin yaƙi yana kewaye da Gobirawa a Konya, cikin Oktoba na 1826. Da fari abin ya yi armashi. Cikin tsarabar da ya kawo akwai littattafan Larabci, har da na Ibnu Sina a kan magani da na Uƙlidisu a kan lissafi da awo. Bello ya yi farin ciki ƙwarai da na Uƙlidisu, ya bayyana wa baƙon cewa dā suna da shi a gidansu, wani ɗan'uwansu ya sayo a Makka, amma gobara ta cinye shi bara. Wannan ɗan labari kaɗai ya isa ya nuna irin mutumin da ake magana a kansa.

Sai dai zamani ya riga ya juya. Yaƙi ya tashi tsakanin Sakkwato da Barno, har Shehu Laminu ya doso Kano da runduna farkon 1827, Sarkin Bauci Yakubu ya tare shi. Ga shi kuwa baƙon na ɗauke da wasiƙa da kyautai, har da makamai, zuwa ga Shehun Barno. Ga kuma jita-jita na yawo cewa Turawa 'yan leƙen asiri ne, yadda suka yi wa Indiya haka za su yi wa ƙasar nan. Bello ya hana shi wucewa, ya sa aka karɓe wasiƙar da kayan. A ganin Sarkin Musulmi, ba mai mulkin da zai bari a kai wa abokin gabansa makami ta cikin ƙasarsa. A ganin baƙon kuwa, an keta alfarmar manzo. Suka yi musayar magana mai zafi, hira ta mutu. Ciwo ya kama Kilafaton, ya rasu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu, 1827. Baransa Landa ya binne shi a wani ƙauye kusa da birni, Bello kuma ya ba shi izini ya koma gida da takardun maigidansa, aka buga su cikin 1829.

To, ga inda hasarar take. Littafin fari ya nuna wa Turai Bello masani mai karimci. Na biyu, wanda majinyaci mai ɓacin rai ya rubuta, ya nuna shi da wata kama dabam. Shi kuwa ba shi da hanyar mayar da jawabi a Landan. Abin da suke da shi na alƙalaminsa guntu ne, an taƙaita shi, kuma tafinta ya tuntsurar da sunayen garuruwa da yawa don bai san ƙasar ba. Kusan shekara ɗari duniyar waje ta san Bello ta bakin baƙonsa fiye da ta bakinsa.

Ƙarshen Rayuwarsa

Wannan bai sa ya rufe ƙofarsa ba. Ya ci gaba da musayar wasiƙu da malaman Kunta na wajen Tambutu da mutanen Masina. Alhaji Umaru Futi, da ya komo daga Makka, ya zauna wurinsa shekaru, har Bello ya ba shi 'yarsa aure. Ya gina ribaɗoɗi a bakin iyaka, babbansu Wurno, inda ya fi zama a ƙarshen kwanakinsa. Cikin 1836 ya ci nasara a Gawakuke bisa taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Wajen wannan lokaci ya rubuta littafin nasiha mai kawo labarin mata salihai, ƙanwarsa Nana Asma'u ta mai da shi waƙa cikin Filatanci da Hausa, don matan da ba su jin Larabci su samu. Wannan ma wata hanya ce ta sa wa littafi ƙafa. Ya rasu a Wurno cikin Oktoba na 1837, can kabarinsa yake, ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Waziri Giɗaɗo ya rubuta littafi a kan halayensa.

Sannu a hankali littafinsa ya kai ga yin magana da kansa. Cikin 1922 Mista Arnett, wanda ya yi Razdan a Sakkwato, ya fitar da ma'anar Infaƙul Maisuri da Turanci. Cikin 1951 Mista Whitting ya buga shi da Larabcinsa a Landan, aka sāke buga shi a Alƙahira cikin 1964, daga baya kuma aka fassara shi da Hausa a Sakkwato. Marigayi Waziri Junaidu, jikan gidan Giɗaɗo, ya bi sawun magabatansa, ya buɗe zaurensa da taskar littattafansa ga masu bincike na gida da na waje, ya yi ta amsa tambayoyinsu. Daga irin wannan zama ne Murray Last ya sami yawancin abin da ya gina littafinsa na tarihin daular Sakkwato, wanda ya fito cikin 1967.

Abin Da Za Mu Ɗauka

Malaman makaranta da malaman ofis, ku ne masu riƙe da alƙalami a garuruwanmu, kuma ku baƙo yakan fara nema in yana son labarin gari. Halin Bello ya nuna mana abu uku. Na fari, mai ilmi ba ya gudun tambaya, ko mai ɗaci ce, don ita ke fitar da abin da ke cikinsa. Na biyu, in za ka gana da mai tambaya ka san duniyarsa kamar yadda yake son sanin taka. Bello bai zauna gaban baƙonsa yana jiran a gaya masa labarin Indiya ba, ya riga ya sani. Na uku, kada ka sallami baƙo da maganar baka kaɗai, haɗa masa da rubutu. Hirar Sakkwato an fahimce ta a karkace, amma takardun da suka bi ta su suka ja masana har suka nemo littafin gaba ɗaya.

Saura mu. Abin kunya ne a ce an karanta Infaƙul Maisuri a Landan tun 1826, amma a sami malamin tarihi a ƙasar Sakkwato wanda bai taɓa buɗe shi ba. Muna roƙon kowane shugaban makaranta ya nemi kofe ɗaya, na Larabci ko na Hausa, ya ajiye inda malamai da manyan 'yan makaranta za su kai hannu. Mun daɗe muna jin abin da baƙi suka ce Bello ya ce, lokaci ya yi da za mu ji daga gare shi. Allah ya gafarta masa, ya ba mu albarkacin ilminsa, amin.